Tambaya da Amsa: Haɗin Gwiwa da 'Yan Mishan Kan Aikin Lafiya a Karkara

Wasiƙu huɗu ne suka zo wa wannan fili a kan batu guda, wato aikin lafiya da majami'u da ƙungiyoyin mishan suke kaiwa ƙauyuka tare da abokan hulɗarsu na gida da na waje. An taƙaita wasiƙun saboda ƙarancin fili, an kuma sakaya sunayen waɗanda suka aiko su.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan dagacin wani ƙauye ne a kudancin jihar Katsina, kuma da yawun mahaifina nake rubuto wannan wasiƙa. Yawancin mutanen garinmu Musulmi ne, akwai kuma gidajen Kirista kaɗan da muka tashi tare da su. Asibitin da ya fi kusa da mu yana da nisa, idan damina ta yi ƙarfi ma babur ba ya wucewa. Wata majami'a ta turo wakilai, sun ce suna da abokai a ƙasar waje, kuma suna so su horar da mutum biyu daga cikinmu, su riƙa zuwa awon ciki da duba yara sau ɗaya a wata. Dattawa sun rabu biyu: wasu sun ce taimako ne a karɓa, wasu sun ce tarko ne na juya wa 'ya'yanmu addini. Mene ne tarihin irin wannan aiki, kuma me za ku ba mahaifina shawara ya yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ka isar mana da gaisuwa ga Baba dagaci, Allah ya ja zamaninsa. Dattawan da suka ce taimako ne suna da hujja, waɗanda suka nuna fargaba su ma ba daga sama suka ɗauko ta ba, domin duk wanda ya ce maka 'yan mishan sun zo ƙasar nan don ba da magani kawai bai faɗa maka gaskiya ba. Yaɗa addininsu ne ya kawo su, su da kansu ba su taɓa ɓoye hakan ba, magani kuma ya kasance ƙofar da ta buɗe musu a inda sauran ƙofofi suka rufe.

Ƙungiyar mishan ta SIM ta faro ne da samari uku da suka sauka Legas a ƙarshen 1893 da nufin isa ƙasar Hausa, biyu daga cikinsu suka mutu a 1894. Bayan da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin cewa ba za a taɓa musu addini ba, saboda haka gwamnatin mulkin mallaka ta daɗe tana hana 'yan mishan kafa tashoshi a cikin masarautun Musulmi. Wanda ya samu shiga da wuri shi ne Likita Mila na ƙungiyar CMS ta mishan ɗin Angilika, wanda ya zauna a birnin Zariya daga 1905, daga baya aka mayar da tasharsu Wusasa, inda asibitinsu yake har yau. Daga cikin yaran da suka tashi a hannunsa ne aka samu Dokta Barau Dikko, likitan farko ɗan Arewa. A 1937 kuma hukumomin En'e suka danƙa wa SIM kula da sansanonin masu fama da kuturta a Yadakunya ta Kano, da Babbar Ruga ta Katsina, da Amanawa ta Sakkwato, domin aiki ne mai wuya da tsada wanda ma'aikata suke gudu. A waɗannan wurare an warkar da mutane da yawa, an koya wa wasu karatu da aikin jinya, kuma wasu daga cikin marasa lafiyar, musamman yara da suka daɗe nesa da iyayensu, sun koma Kirista. Labarin ya bazu cikin ƙauyuka, kuma ina kyautata zaton shi ne tushen abin da dattawanku suke tunawa ko da ba su ambaci sunan wurin ba.

Sai dai a duba ɗaya ɓangaren da idon basira. Asibitin ido na majami'ar ECWA da ke Sabon Garin Kano yana aiki tun 1943, kuma da wuya ka samu unguwa a Kano ko Jigawa da babu tsoho ko tsohuwar da aka cire wa yanar ido a can. Asibitin Galmi da ke tsakanin Birnin Ƙonni da Madawa a Nijar an buɗe shi a 1950, mafi yawan masu zuwa cikinsa Musulmi ne, har daga Sakkwato da Zamfara ana tsallaka iyaka a je. Jama'ar waɗannan yankuna sun shafe fiye da shekara saba'in suna karɓar magani a hannun Kirista, masallatansu kuma suna nan cike. Abin da wannan ya nuna mini shi ne, hatsarin da dattawa suke tsoro ya fi aukuwa ne a inda aka raba mara lafiya da danginsa na tsawon lokaci, ko aka sa shi ya ji cewa abincinsa da maganinsa sun dogara da yardar mai ba shi. Awon ciki na wata-wata a ƙofar gidan dagaci, a gaban mazajen matan da surukansu, yanayinsa daban ne ƙwarai.

Akwai wani tabo kuma da ba na mishan ba ne, amma yana shafar duk wani baƙo da ya zo da allura. Gwajin magani da wani kamfanin ƙasar waje ya yi a kan yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 yana cikin abubuwan da suka sa aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003, kuma wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Abin da ya dawo da amana a wancan lokaci shi ne shigar sarakuna da malamai cikin aikin, su tsaya da kansu a gaban jama'a. Haka nan a 2009 Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar da Akbishop John Onaiyekan suka jagoranci wata ƙungiya ta haɗin gwiwar addinai biyu don yaƙi da zazzaɓin cizon sauro, limamai da fastoci suna ɗaukar darasi ɗaya a kan gidan sauro, kowa ya koma ya faɗa wa mabiyansa. Ke nan zama da Kirista a kan maganar lafiya abu ne da shugabannin Musulmi suka riga suka yi a bainar jama'a.

Shawarata ga Baba ita ce kada ya ce i ko a'a tukuna. Ya kira wakilan majami'ar zama na biyu, limamin gari da shugabar mata da wakilin gidajen Kiristan garin suna wurin, a yi musu tambaya kai tsaye: shin za a yi wa'azi a wurin awo, kuma shin wanda ya ƙi sauraro zai samu magani daidai da kowa? Majami'ar kirki za ta amsa ba tare da kwana-kwana ba. Idan suka ce ma'aikatansu za su yi addu'arsu kafin su fara aiki, wannan haƙƙinsu ne kamar yadda kowane ma'aikaci Musulmi yake yin bisimilla. Idan kuwa suka ce sai an zauna an saurara kafin a ba da kati, to a gode musu a sallame su. Sannan a tambaye su ko sashen kula da lafiya a matakin farko na ƙaramar hukumarku ya san da zuwansu, a kuma aika mutum ya tabbatar, domin alluran rigakafin yara daga rumbun gwamnati suke fitowa, cikin akwatin sanyi, kuma duk mai niyyar aiki na gaskiya dole ya bi ta wannan hanya. Mutum biyun da za a horar kuwa gari ne zai zaɓe su. Ku zaɓi masu aure da gona a garin, waɗanda ba za su tafi birni da takardar shaida ba bayan wata shida, kuma lallai ɗaya ta kasance mace wadda za ta iya shiga kowane gida. A rubuta abin da aka amince a takarda da Hausa, kowa ya sa hannu, a ajiye kofi ɗaya a wurin hakimi. A sa wa'adin shekara guda, bayanta a sake zama a duba ko an cika alkawari.

Tambaya: Salama a gare ku. Ni sakatariyar Zumuntar Mata ce a wata majami'a a jihar Adamawa. Shekara biyar ke nan wata majami'a daga Amurka tana turo mana likitoci da ma'aikatan jinya, su yi mako guda suna duba mutane kyauta a ƙauyuka uku. Jama'a suna murna, mu ma muna godiya, amma na lura cewa da sun tafi komai yana komawa yadda yake, kuma a bara mun rasa mata biyu wajen haihuwa a ɗaya daga cikin ƙauyukan. Ina jin nauyin faɗa musu, kada su ga kamar mun raina alherinsu. Yaya za mu yi?

Amsa: Malama, Allah ya ba iyalan waɗannan mata haƙuri. Abin da kika lura da shi daidai ne, kuma ba ke kika fara lura da shi ba. Majami'u da kansu sun yi wannan muhawara tun shekarun 1960. A 1964 shugabannin aikin lafiya na mishan suka yi taro a garin Tubingen na Jamus, inda aka fara tambayar ko manyan asibitocin da suka gina suna rage cuta a cikin al'umma ko kuwa suna jiran ta ne kawai a bakin ƙofa. A 1968 Majalisar Majami'u ta Duniya ta kafa hukumarta ta lafiya, wadda ta tattara misalan ƙananan ayyukan ƙauye daga ƙasashe daban-daban, kuma tattaunawarta da Hukumar Lafiya ta Duniya tana cikin abubuwan da suka share fagen taron Alma-Ata na 1978, inda aka amince da tsarin kula da lafiya a matakin farko. Saboda haka idan kika tayar da maganar, gadon majami'a kike tunatar da su.

Misali mafi kusa da ke yana jiharku. A Garkida, inda mishan ɗin 'Yan'uwa ya sauka a 1923, an fara wani shiri a shekarun 1970 wanda ƙauye yake kafa kwamitin lafiya, ya zaɓi mutanensa maza da mata, a kai su horo na 'yan watanni, su dawo gida. Da yake yawancinsu ba su yi karatun boko mai zurfi ba, da labarai da waƙoƙi da wasan kwaikwayo aka koyar da su, su ma da haka suka riƙa koyar da jama'a yadda ƙazamin ruwa yake kawo gudawa da yadda ake ciyar da yaron da aka yaye. Kafin wannan, a ƙauyen Imesi-Ile na ƙasar Yarbawa, Dokta David Morley, wanda ya zo aiki asibitin mishan na Ilesha a 1956, ya nuna cewa ma'aikatan jinya 'yan gari, da ma'auni da katin da uwa take riƙewa a hannunta, za su iya rage mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar ƙwarai. Katin awon nauyin yara da ake ba mata a asibiti a yau, mai layin da ke hawa sama, jikan wancan kati ne.

Labarin da na fi so a wannan fage shi ne na cutar agana. A watan Disamba na 1966 cutar ta ɓulla a yankin Ogoja, allurar rigakafin da ke hannu kuma ba ta isa a yi wa kowa ba. Dokta William Foege, wanda likitan mishan ne a lokacin, ya yi amfani da rediyon da 'yan mishan suke magana da juna a kai, ya roƙi kowace tasha ta aika mutane ƙauyukan da ke kewaye da ita su gano inda cutar take. Da labari ya dawo, sai aka yi wa mutanen da ke kewaye da masu cutar allura, da kasuwannin da ake zaton za ta bi, cutar kuwa ta tsaya. Wannan dabara ce aka faɗaɗa har aka kawar da agana daga duniya, aka tabbatar da hakan a 1980. Abin da mishan ya bayar a ranar shi ne mutanen da suka san kowace hanya da kowane mai unguwa, kuma irin wannan dukiya ce Zumuntar Mata take da ita a ƙauyukanku uku.

Ban ce zuwan mako guda ba shi da amfani ba. Akwai ayyukan da ake yi sau ɗaya a gama, kamar cire yanar ido, da aikin ƙaba da gwaiwa, da cire haƙori, kuma idan an shirya wanda zai duba marasa lafiyar bayan tafiyar likitoci, mako guda yana iya canza rayuwar mutane da dama. Amma hawan jini da ciwon sukari da farfaɗiya da ciki mai haɗari ba sa jiran wata shekara. Na taɓa zuwa wani ƙauye wata biyu bayan wata tawaga ta wuce, na tarar da dattijo yana ajiye da fankon leda da aka ba shi maganin hawan jini na mako biyu a ciki, babu sunan maganin a jiki, babu takardar da za ta nuna abin da aka auna. Ya ɗauka ya warke tunda ya shanye. Na auna shi na ga jinin ya fi ƙarfin a bar shi ya koma gona, kuma har yau ina jin haushin wannan leda.

Ga yadda nake ganin za ku ɓullo wa maganar ba tare da kin ɓata wa kowa rai ba. Ku rubuta musu wasiƙar godiya ta gaskiya, ku ba su labarin matan nan biyu dalla-dalla: yaushe naƙuda ta fara, wa ya yanke shawarar a tafi asibiti, awa nawa aka yi ana neman mota, me aka tarar da aka isa. Duk likitan da ya karanta wannan zai gane da kansa cewa ba rashin zuwansa ne ya kashe su ba, jinkiri ne a gida da kan hanya. Daga nan sai ku roƙe su su lissafa abin da suke kashewa a kuɗin jirgi da masauki, su duba ko za a rage yawan masu zuwa, a karkatar da rarar zuwa abin da zai zauna: ɗaukar nauyin 'yan mata biyu daga ƙauyukan su yi karatun ungozoma ko na jami'an lafiyar al'umma da sharaɗin su dawo gida su yi aiki, da yarjejeniya da direbobin yankin a kan ɗaukar mai naƙuda ko da tsakar dare ne, da asusun man fetur da matan zumunta za su riƙe. A koya wa matanku alamomin haɗari, kamar zubar jini da kumburin fuska da ciwon kai mai tsanani da jijjiga, a kuma koya musu auna damtsen yaro da ɗan tef ɗin nan mai launi, wanda idan ya nuna ja, ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani da ke bukatar asibiti. Su san ranakun rigakafi, daga ranar haihuwa zuwa mako 6 da 10 da 14 da wata 9, su riƙa bin gida-gida suna duba kati, ba tare da bambanta gidan Kirista da na Musulmi ba.

Dalilai biyu ne suke sa nake matsa miki a kan wannan. Na farko shi ne tsaro. Ku mutanen Adamawa kun san hare-haren Boko Haram na 2014 da harin Garkida na 2020, kuma a Jibo ta Burkina Faso an sace wani likitan mishan, Dokta Ken Elliott, a 2016, bayan ya shafe fiye da shekara arba'in yana yi wa jama'a tiyata, ba a sake shi ba sai a 2023. Duk shekarar da ofishin jakadancin Amurka ya ce wa baƙin naku kada su zo, ba za su zo ba, kuma babu mai ganin laifinsu. Na biyu shi ne kuɗi. A farkon 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da yawancin tallafinta na ƙasashen waje, asibitoci da dama a Afirka, har da na majami'u da suke ba da maganin cutar ƙanjamau, suka wayi gari ba su san yadda za su biya ma'aikata ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ku sa naku kason a cikin yarjejeniyar, ko da kwanon hatsi ne daga kowane gida bayan kaka, kuma ku shigar da jami'in lafiya na ƙaramar hukuma da kwamitin ci gaban mazaɓa tun daga farko, domin alkaluman yaran da kuka duba su shiga lissafin gwamnati, wata rana kuma ita ce za ta gaji albashin ungozomar da kuka horar.

Tambaya: Ina rubutowa daga Maraɗi. Kakanninmu suna ba mu labarin cewa a da asibitin mishan kusan kyauta ne, amma yanzu sai ka biya kuɗin kati da na gwaji da na gado. Shin an bar aikin Allah an koma kasuwanci ne?

Amsa: Malam, a zamanin kakanninka likitan Bature ne wanda majami'arsa ta can gida take biyan albashinsa, magunguna da kayan aiki kuma suna zuwa cikin akwatuna daga masu ba da sadaka. Bayan samun 'yancin kai yawancin asibitocin sun koma hannun majami'un gida, a Najeriya kuma gwamnatocin jihohi suka karɓe da dama daga cikinsu a shekarun 1970. Waɗanda suka rage dole su biya likita da ma'aikacin jinya ɗan ƙasa albashin da zai hana shi tafiya, su sayi man janareta, su sayi magani da kuɗin waje. Ko asibitocin gwamnati sun bi wannan hanya tun bayan shirin Bamako na 1987, wanda ya tanadi a riƙa sayar da muhimman magunguna a kan farashi mai sauƙi, a juya kuɗin a sake sayo wasu.

Ƙasar Gana ta yi ƙoƙarin daidaita wannan lamari. Ƙungiyar asibitocin Kirista ta ƙasar, wadda aka kafa a 1967, tana da yarjejeniya da ma'aikatar lafiya, gwamnati tana biyan albashin ma'aikata da yawa da ke aiki a asibitocin, inshorar lafiya ta ƙasa da aka kafa a 2003 kuma tana aiki a cikinsu, ko da yake jinkirin biyan kuɗin inshorar yakan jefa su cikin bashi. Irin wannan jinkiri kun san shi a Nijar, inda aka ayyana kula da yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta tun 2006, amma asibitoci suka riƙa jiran a mayar musu da abin da suka kashe. Biyan kuɗi shi kaɗai bai isa a ce an koma kasuwanci ba. Abin dubawa shi ne ko an manna farashi a fili, ko ana ba da rasit, ko ana fara ceto mai naƙuda ko wanda ya yi hatsari kafin a tambayi kuɗi, da ko akwai asusun marasa galihu. Asibitocin mishan da dama suna da irin wannan asusu, sai dai ba a cika shelanta shi ba, don haka wanda ya rasa yadda zai yi ya nemi ganin jami'in walwala ko shugaban asibitin ya yi bayani.

Tambaya: Ni jami'in lafiyar al'umma ne a wani ƙaramin asibitin majami'a a jihar Filato. Abokanmu na Turai sun aiko mana da katan-katan na magunguna, wasu rubutun jikinsu ba da Ingilishi ba ne, wasu saura wata biyu su lalace. Fasto ya ce a raba wa jama'a kada a yi asara. Me zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa, lasisinka ne ke cikin haɗari, kuma ran mutane ne a hannunka, saboda haka kada ka ba kowa maganin da ba ka iya karanta sunansa da ƙarfinsa ba. Tun 1996 Hukumar Lafiya ta Duniya, tare da ƙungiyoyin agaji har da na majami'u, ta fitar da ƙa'idojin kyautar magani: ya zama wanda mai karɓa ya nema, yana cikin jerin magungunan da ƙasar ta amince da su, an rubuta bayaninsa da harshen da ma'aikatan wurin suke ji, kuma saura aƙalla shekara guda ya lalace a ranar da ya iso. Ragowar maganin da marasa lafiya suka mayar da samfurin da kamfanoni suke ba likitoci ba sa cikin abin da ake bayarwa. A Najeriya kuma duk maganin da zai shigo, ko kyauta ne, sai da izinin NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna.

Ka je wa Fasto da ladabi, ka nuna masa katan ɗaya, ka roƙe shi ya karanta abin da ke jiki. Ina tsammanin maganar za ta ƙare a nan. Ka ware waɗanda ka sani kuma za su ƙare kafin wa'adinsu, ka rubuta sauran a takarda, ka kulle su, ka sanar da mai kula da magunguna na ƙaramar hukuma domin a lalata su yadda doka ta tanada. Kada a zuba su a shara ko a rami kusa da rijiya, domin yara suna tsinta, 'yan kasuwa ma suna tsinta. Sannan ku rubuta wa abokan naku cewa nan gaba su aiko da kuɗin maimakon katan. Ƙungiyar CHAN, wadda majami'u suka kafa a 1973 don haɗa kan asibitocinsu, tana da sashen samar da magunguna mai hedikwata a Jos, kusa da ku, kuma a can za ka zaɓi abin da marasa lafiyarka suke bukata da gaske: maganin zazzaɓin cizon sauro da kayan gwajinsa, da gishirin gudawa da zinki, da maganin ƙarin jini na masu ciki. Ka haɗa musu da jerin cututtuka goma da suka fi kawo mutane wurinka a cikin wata shidan da suka wuce, daga rajistarka, domin su ga a kan me kuɗinsu zai tafi.